Hukumar Gwamnati, Tambarin Fairtrade ko Injin Kanku: Wace Hanya Ƙungiyar Manoma Za Ta Bi?

Duk ƙungiyar manoma ko ta makiyaya da ta gaji da dillali, wata rana sai ta zauna taron da za a ce, "To, yanzu me za mu yi?" Ba a musu a kan ciwon. Kowa ya san wanda ya yi noman shi ke tashi da ɗan kaso, mai sito da mai mota da mai inji su raba sauran. A wajen magani ne baki ke rabuwa, yawanci gida uku. Dattawa su ce gwamnati ta dawo da hukumar sayen amfanin gona irin ta zamanin dalar gyaɗa. Matasa su ce a nemo takardar Fairtrade, wato shaidar cinikin adalci, a riƙa sayar wa Turawa masu son adalci. Wasu 'yan kaɗan kuma su ce a haɗa kuɗi a mallaki sikeli da sito da inji.

Dukkansu ukun an gwada su shekara da shekaru a wurare sanannu, kuma kowace an kafa ta ne da sunan ƙwace yanke farashi daga hannun 'yan jari-hujja. Abin da nake aunawa a kowace shi ne wa ke riƙe da ma'auni, kuma idan ya ci amana, wa ke da ikon tsige shi.

Mu fara da wadda muka sani. A 1949 Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Hukuma ke sanar da farashi kafin kaka, wakilai masu lasisi su bi ƙauyuka su saya, ita kaɗai kuma ke fitarwa waje. Alkawarin shi ne idan farashin duniya ya hau a ajiye rara, idan ya faɗi a cike wa manomi daga ajiyar. Rarar dai an tara ta, amma yawancinta haraji ta zama ba tare da an kira ta haraji ba. An yi ayyukan raya ƙasa da ita, ba a musun wannan, an kuma ba manya rance da ita, sai dai ba a taɓa tambayar mai gyaɗar ba, domin ba shi da ƙuri'a a hukumar. A Nijar ma haka, a 1962 aka kafa SONARA don cinikin gyaɗa da UNCC don ƙungiyoyin gama kai, duka daga sama. Manoman bakin iyaka kuwa sun samo tasu dabarar: duk ɓangaren da farashi ya fi kyau, can buhunan ke kwana. Fari na farkon shekarun 1970 da annobar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, gwamnatin Babangida kuma ta rushe hukumomin gaba ɗaya a 1986.

Masu kewar hukuma suna da hujja, kuma hujjar tana Ghana. Can ba a rushe hukumarsu ta koko, Cocobod, ba, tun 1947 take. Manomin koko ya san farashinsa tun farkon kaka, ana tantance ingancin kowane buhu, shi ya sa kokon Ghana ke da daraja a kasuwar duniya. Saboda suna da hukumomi ne ma Ghana da Kwaddibuwa, waɗanda ke noma kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya, suka iya haɗa baki a 2019 suka ɗora wa kamfanonin cakulan ƙarin dala 400 a kan kowane tan. Ƙungiyar ƙauye ba za ta taɓa iya wannan ba. Amma a 2024 da farashin tan ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, manomin Ghana ɗan abu kaɗan ya gani, domin hukuma ta riga ta sayar da kokon tun kafin a girbe shi a tsohon farashi, ga bashi ya yi mata katutu. Aka koma fasa-ƙwauri zuwa Togo da sauran maƙwabta.

Akwai kuma abin da ya faru a Tanzaniya, wanda ya kamata ya tsorata duk mai ƙungiya. Manoman kofi na gindin dutsen Kilimanjaro suna da ƙungiyarsu mai ƙarfi tun shekarun 1930. A 1976 gwamnatin Nyerere, mai aƙidar gurguzu da son talaka, ta rushe manyan ƙungiyoyin gama kai na ƙasar ta miƙa aikinsu ga hukumomin gwamnati. Hukumomin suka kasa biyan manoma a kan lokaci, dole aka dawo da ƙungiyoyin a farkon shekarun 1980, amma sun dawo a gurgunce.

To, kuma hukuma ba abin da ku za ku kafa ba ne, sai dai ku roƙa. In za ku roƙa, ku roƙi gwamnati ta riƙa saye a farashin da ba a sauka ƙasa da shi idan kasuwa ta faɗi. Kada ku roƙi a ba ta ikon zama mai saye ita kaɗai.

Hanya ta biyu ta fi daɗin ji, kuma mafi kyawun misalinta ma a Ghana yake. Da gwamnati ta ba 'yan kasuwa damar sayen koko a ƙauyuka, wasu manoma ƙarƙashin Nana Frimpong Abebrese suka kafa Kuapa Kokoo a 1993, hedikwatarta a Kumasi, da taimakon wata ƙungiyar Ingila mai suna Twin. Abin da ya fara jawo musu mambobi ba Turawa ba ne, sikeli ne. Manoma sun daɗe suna zargin akawun masu saye da murɗe sikeli. Kuapa ta ce kowane ƙauye ya zaɓi mai awonsa daga cikinsa, kowa na iya gwada sikelin a bainar jama'a, kuma in mai awo ya yi ha'inci a sauya shi a zaɓe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa yana kallon yadda ake toza mudu wajen saye a shafe shi wajen sayarwa ya san girman wannan.

A 1995 suka sami shaidar Fairtrade. Tsarin yana da ƙafa biyu: mafi ƙarancin farashi da mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba, da ƙarin kuɗi da ake ba ƙungiya ta kashe yadda babban taronta ya yanke. A 2019, alal misali, an tsayar da dala 2,400 a tan na koko da ƙarin dala 240. Da irin wannan ƙari Kuapa ta haƙa rijiyoyi, ta gina ajujuwa, ta kai asibitin tafi-da-gidanka ƙauyuka. Sai kuma suka yi abin da ba a saba gani ba. A 1998 aka kafa kamfanin cakulan a Landan, wanda daga baya aka sa wa suna Divine, manoman Kuapa na da kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa da kujeru a hukumar gudanarwarsa. Da kamfanin Body Shop ya ba su nasa hannun jarin kyauta a 2006, kasonsu ya kai kusan kashi 45. Manomin da ke shanya koko a kan tabarma a ƙauyen Asante ya zama mai kamfani a Ingila. Wannan zumunci ne na gaske tsakanin talakawan ƙasashe biyu, ba na so a raina shi.

Amma a duba inda igiyar take. Takardar shaida ba ta sayen kaya. Ku za ku biya masu bincike su zo su duba littattafanku da gonakinku, sannan ku jira mai sayen da zai yarda ya biya farashin Fairtrade. Abin da bai saya ba ku kai kasuwa kamar kowa. Shekaru da yawa ɗan kaso ne kawai na kokon Kuapa ke tafiya a wannan farashi. Da kamfanin Cadbury ya shiga tsarin a 2009 ciniki ya buɗe, da ya sanar a 2016 cewa zai koma wani shirin nasa na kansa, ba a nemi ƙuri'ar kowane manomi ba. Kamfanin Nestlé ma ya cire cakulan ɗinsa na KitKat daga Fairtrade a 2020. Twin ta durƙushe a 2019, a 2020 kuma kamfanin Weinrich na Jamus, wanda dama a masana'antarsa ake yin cakulan ɗin tun farko, ya sayi mafi yawan hannun jarin Divine, kason Kuapa ya koma kashi 20. Kun ga inji yana Jamus, shago yana Ingila, mai yanke shawarar saye kuma wata mata ce da ke tura keken sayayya a babban kanti, wadda in rayuwa ta yi mata tsada za ta ɗauki mai araha, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Hanya ta uku ita na fi so mu daɗe a kanta, domin ita ce ba a cika ba da labarinta daidai ba.

A shekarun 1940, a gundumar Kaira da ke cikin jihar Gujarat ta yanzu a Indiya, kamfanin Polson ne kaɗai ke da izinin tara madara yana aikawa birnin Bombay. Shi ke yanke farashi ta hannun 'yan kwangilarsa. Manoman suka kai kuka wurin Sardar Patel, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin Indiya, ya ce musu su kafa ƙungiyarsu su mallaki wurin sarrafa madara, in gwamnati ta ƙi, su daina sayarwa. Suka yi yajin kwana 15, madara ta yanke wa Bombay, gwamnati ta sauko. A watan Disamban 1946 aka yi wa ƙungiyar rajista a garin Anand, da ƙauyuka biyu da madarar da ba ta wuce lita 250 a rana ba. Ita ce Amul. Yau manoma kusan miliyan 3.6 ne ke da ita, a ƙungiyoyin ƙauye fiye da 18,000.

Ga yadda safiya take a ɗaya daga cikin ƙauyukan. Mata su yi layi da 'yan gwangwanayensu, wata lita biyu, wata biyar, ba a korar kowa don tasa ta yi kaɗan. A auna nauyi, a ɗebi kaɗan a gwada yawan maiƙon da ke ciki a gaban mai ita, a ba ta 'yar takarda mai nuna awo da kuɗi. Wadda ta ƙara ruwa ta cuci kanta, tunda maiƙo ake biya. Da yamma a sake. Kuɗin ba ya daɗewa, a da hannu da hannu ake bayarwa, yanzu ta banki. Ƙungiyar ƙauye na da shugabannin da mambobi suka zaɓa, kowa ƙuri'a ɗaya, mai saniya ɗaya da mai ashirin. Shugabannin ƙauyuka su ke zaɓen na gunduma, gunduma ce ke da masana'anta da likitocin dabbobi da injin abincin shanu. Gundumomi kuma tun 1973 suka haɗu a tarayya ɗaya mai tallata kaya da sunan Amul. Tarayyar na cewa kusan kashi 80 na kuɗin da mai shan madara ya biya yana komawa ga manomi, ribar ƙarshen shekara kuma ana raba ta gwargwadon madarar da mutum ya kawo, ba gwargwadon jarinsa ba.

Abu biyu suka ɗaga Amul. Na farko rabon aiki. Tribhuvandas Patel, zaɓaɓɓen shugaba, ya riƙe jama'a da siyasa. Verghese Kurien, injiniyan da ya zo Anand a 1949, ya riƙe masana'anta a matsayin ma'aikacin manoma, ɗaukar sa suka yi aiki. Abokin aikinsa H. M. Dalaya ne ya gano yadda za a yi garin madara daga nonon ɓaunar gida da ake kiwo a can, abin da ƙwararrun waje suka ce ba zai yiwu ba, aka buɗe masana'antar a 1955. Daga nan madarar da ke yin yawa lokacin sanyi ta daina zubewa, ana mayar da ita gari da man shanu a ajiye.

Na biyu shi ne abin da suka yi da taimakon waje. A ƙarshen shekarun 1960 garin madara da man shanu sun yi wa Turai yawa, ana neman inda za a kai su kyauta. Kurien ya san in aka raba su kyauta a Indiya, farashin madarar gida ya mutu. Sai shirin Operation Flood da aka fara a 1970 ya karɓi kyautar, ya sayar da ita a manyan birane, ya gina masana'antu da wuraren sanyaya madara na ƙungiyoyin manoma da kuɗin. Kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara. A nan ne bambancin Anand da Kumasi ya fi fitowa: Kuapa ta sami abokai a waje da suka ba ta kasuwa, kasuwar kuma ta ci gaba da zama a hannunsu. Anand ta karɓi taimako ta mayar da shi injin da ya rage a hannunta bayan masu taimakon sun tafi.

Kada wani ya ɗauka aljanna ce. Zaɓen shugabannin gundumomi a Gujarat ya zama fagen 'yan siyasa, shi kansa Kurien rigima da hukumar tarayyar ce ta sa ya ajiye aiki a 2006. A jihohin Indiya da dama da aka kwaikwayi tsarin, gwamnati ce ta zuba jari, don haka ita ke naɗa manaja, ƙungiyoyin suka zama ma'aikatun gwamnati masu sunan gama kai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan Indiya na kare madararta da haraji mai nauyi, har matsin lambar masu madara na cikin abin da ya sa ta fice daga tattaunawar yarjejeniyar cinikin RCEP ta ƙasashen Asiya da Pasifik a 2019. Mu kuwa a yankin ECOWAS harajin garin madara na manyan buhuna kashi 5 ne kacal.

An gwada tsarin Anand a Kaduna da ƙungiyar MILCOPAL, a Nijar ma akwai cibiyoyin tara madara irin na Hamdallaye da Kollo masu kai wa Yamai. Wahalar a bayyane take. Manomin Anand a zaune yake da ɓaunarsa ɗaya ko biyu kusa da titi, namu garken yana tafiya, saniyar kuma ɗan abin da take bayarwa bai taka kara ya karya ba, musamman da rani. Ɗanyar madara ba ta jimre 'yan sa'o'i babu sanyi, wuta kuma sai addu'a. Ga wani abu da masu tsara shiri ke yawan mantawa: a ruga, nono na mata ne. Su ke tallan kindirmo da man shanu, kuɗin nasu ne. Ƙungiyar da ta yi rajista da sunan maigida ta kuma biya shi, ta ɗauke kuɗi ne daga hannun Inna ta miƙa wa Baffa, sannan a yi mamakin me ya sa madara ba ta zuwa.

Bari in ɗan ratse, domin akwai abin da zai gyara wa masu ganin kalmar gama kai ita kaɗai ta isa. Madarar Peak da ke teburin kowane mai shayi ta kamfanin FrieslandCampina ce, wanda ƙungiyar gama kai ta manoman Holan da maƙwabtansu ta mallaka. Dano ta Arla ce, ita ma ta manoman Denmak da Suwidin da wasu ƙasashen Turai. Wato manoma ne irinku, masu ƙuri'a ɗaya-ɗaya a gida, amma a kasuwar Kano ko Maraɗi abokan gasa ne. Tun da Tarayyar Turai ta cire ƙayyade yawan madara a 2015, garin madara mai araha, wanda ake cire masa maiƙo a sa man ja a madadinsa, ya ƙara cika Afirka ta Yamma. Zumuncin da ya yi amfani a nan ba na saye da sayarwa ba ne. Ƙungiyoyin makiyaya da manoman yankin nan sun fara gangamin kare madarar gida a 2018, wasu ƙungiyoyin masu madara na Turai kuma suka mara musu baya a Brussels, domin su ma yawan madarar na karya musu farashi. Irin wannan haɗin baki, da shiga inuwa irin ta ROPPA, haɗakar ƙungiyoyin manoman Afirka ta Yamma da aka kafa a Kwatano a 2000, ba ya cin kuɗin takardar shaida, kuma can ne ake maganar haraji da iyaka.

To wace za ku ɗauka? Ku fara da tambayar wa ke cin abin da kuke nomawa. Idan shinkafa ce, ko masara, ko tumatir, ko madara, ko gyaɗar mai da ƙuliƙuli, masu sayenku suna nan kusa, ba ruwansu da tambari, ingancin kaya da farashi suke dubawa. Hanyar Anand ce taku, ba tantama. Idan kayan fitarwa ne, ku bincika ina suke zuwa kafin ku kashe ko sisi a kan shaida. Yawancin riɗinmu Sin da Japan da Turkiyya yake tafiya, zoɓo kuma Meziko, kasuwannin da tsabta da bushewar kaya suka fi damu. Man kaɗe ne ke da masu saye a Turai da Amurka da ke biyan ƙari don adalci, saboda kamfanonin man shafawa na son labarin matan da suka yi shi. Ko a nan, ku sami mai saye da yarjejeniya a rubuce tukuna, shaida ta biyo baya, in da hali shi ya biya kuɗinta. Ku kuma tuna ƙofar waje ba a hannunku take ba: a watan Agustan 2025 gwamnatin Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗe na wata shida, farashi ya faɗo a kan matan da suka tsinto su.

Masu ɗaukar hanyar Anand kuma kada su fara da inji, ko da wani ɗan majalisa ya yi alkawarinsa. Amul ta shekara tara kafin ta gina babbar masana'antarta. Ku fara da sikelin da kowa ya yarda da shi, da littafin da kowane mamba zai iya buɗewa, da mai binciken kuɗi wanda ba ɗan uwan ma'aji ba. Ku rubuta a dokokinku cewa shugaba zaɓensa ake yi na wa'adi, manaja kuma ɗaukar sa ake yi da albashi, ana iya sallamarsa, kuma ba gwamnati ko mai ba da tallafi da zai naɗa muku ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya fi kashe ƙungiyoyi a wajenmu shi ne kuɗin hannu. Dillali na biya nan take, kuma shi ya ba mambanku bashin taki da na biki tun damina, a kan za a biya da kaka. Mamban da ke cikin wannan hali zai tafa muku a taro, da daddare kuma buhunansa su tafi wajen mai bashi. Don haka kafin ku buɗe awo, ku lissafa buhu nawa za ku iya biya a ranar da aka kawo su, daga adashinku da hannun jarin mambobi da rancen da ba zai shaƙe ku ba, ku tsaya a wannan adadin a shekarar farko ko da buhu ɗari biyu ne. Wani kaso na ribar farko ku ware shi don ba mambobi taki bashi a damina mai zuwa, sauran ku ƙara a kuɗin saye.